Tanadi ba sai mai kuɗi ba

A Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, kullum za ka ji ana cewa, "Bari kuɗi su zo tukuna, sannan a yi tanadi." To, ba su zuwa a dunƙule. Makarantu kuwa ba su jira: Satumba suke buɗewa, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero ya yi tsada.

Mai tuya ƙosai da ke jefa sefa 500 (dala ɗari a bakin 'yan kasuwa) cikin asusu ko adashi kullum, daga Janairu zuwa ƙarshen Agusta, ta haɗa sama da 120,000. Maƙwabcinta mai albashi, da ya ce sai wata ya ƙare, shi ne zai buga mata ƙofa neman rance.

Masu kafa hujja da tawakkali kuma, ai Annabi (SAW) cewa ya yi a ɗaure raƙumi tukuna.