Ma'anar "Indomie" a bakin kanikawa, da motar da ke nauyin tashi

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 masu mota suka koma lissafin kowace lita, kalmar "Indomie" kuma ta cika gareji da shirye-shiryen rediyo na kiran waya. Kwanaki na ji wani yana bayani a rediyo, ko ɗar babu, wai Indomie matatar mai ce. Ba fetur ke bi ta cikinta ba, hayaƙi ne.

A jikin bututun salansa, kusa da inji, akwai wata 'yar tukunyar ƙarfe da ake kira catalytic converter da Turanci. In aka yanka ta za a ga dunƙulen tangaran mai dubban ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma. Kanikawan Najeriya suka ga ya yi kama da busasshiyar taliyar nan kafin a jefa ta a ruwa, suna ya bi shi. Ita kanta taliyar daga Indonesiya sunanta ya fito: "Indo" ƙasar, "mie" kuma taliya. Wato kalma ta taso daga can, ta yada zango a teburin mai shayi, ta ƙare a ƙarƙashin Corolla. Sunan ya dace da kamanni, amma a ganina ya yi ɓarna, don wa zai ji zafin jefar da abin da ake kira da sunan abincin yara? Alhali an shafe ƙofofin nan da filatinam da faladiyam da rodiyam, ƙarafan da ke sauya gubar hayaƙi ta rage illa kafin ta fita. Rodiyam kaɗai, wanda akasarinsa a Afirka ta Kudu ake haƙowa, ya kusa dala 30,000 kowace oza a watan Maris na 2021. Motocin Amurka tun 1975 suke fitowa da wannan tukunya. Saboda haka idan an cire maka ita "kyauta", ka tambayi inda dunƙulen ya kwana.

Ga inda abin ke ba ni haushi. Mutum ya tsaya a danja, aka ba da hannu, ya taka totur, mota ta yi jim kamar mai tunani, na baya suna ta ham, sannan ta ja. Ya kai gareji. Kafin a buɗe bonet sai ya ji: "Alhaji, Indomie ce ta toshe, a fasa a zubar kawai."

Tana toshewa, gaskiya ne. Amma toshewarta na da kama. Hayaƙi ne ya rasa hanyar fita, don haka inda inji ke fitar da hayaƙi da yawa nan take nuna hali: a kan babban titi, wajen hawa tudu, ko lokacin da za ka wuce tirela, mota ta ƙi ƙara gudu ko ka danne totur har ƙasa. Sau da yawa da ƙarar kwaram-kwaram a ƙarƙashi in ta farfashe. Motar da ke nauyi a tashin farko kawai, daga baya ta miƙe lafiya lau, ba nan ya kamata a fara zargi ba.

A fara da iska. Filtar iska da ƙurar hunturu ta cika, ko datti ya kama sansar da ke auna iskar da ke shiga, ko baƙin maiƙo ya taru a faifan da ke buɗewa in ka taka totur. Duk wankewa ce ko canji mai sauƙi. Sai fulogi da kwil ɗin da ke ba shi wuta, sai famfon mai da ya fara gajiya. In otomatik ce, a duba man giya, domin wani lokaci burenbos, wato kwamfutar mota, kan kulle mota a giya ta biyu ko ta uku don kare giyabos, tashi daga tsaye ya zama kamar jan kura. In inji na ihu mota ba ta tafiya, a manuwal kulocin ne ke zamewa. Har birki na iya riƙewa. Bayan 'yar tafiya ka kusantar da hannu ga kowace taya, wadda ta fi sauran zafi ita ce.

Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'ura a karanta lambar matsala. P0300 na nufin inji na ɓata wuta, P0171 mai ya yi ƙaranci a kan iska. P0420 ita ce ta Indomie, ita ma cewa take aikin tsaftace hayaƙi ya ragu, ba ta ce an toshe ba.

Gwajin toshewa kuwa ba ya buƙatar guduma. A kwance sansar hayaƙi ta gaban tukunyar, a ɗan zaga da motar. In ƙarfi ya dawo, to ta toshe. Ko a nan ɗin, sai a nemo abin da ya toshe ta: galibi fulogi ne ko kwil ke barin ɗanyen fetur ya gangara ya ƙone a cikinta har tangaran ɗin ya narke, ko inji na shan baƙin mai. In ba a gyara wannan ba, sabuwar da za a saka ma haka za ta narke.