Kai ka zaɓa, ko zaɓa maka aka yi?

Na daɗe ina zaman sulhu tsakanin iyaye da 'ya'yansu, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Ga amsa sau ɗaya, kada a sake tare ni a ƙofar masallaci.

Mutum yana da zaɓi kuwa, ko komai ƙaddara ce?

Yana da shi. Da babu, da ba za a yi hisabi ba. Ku daina ɗora wa ƙaddara abin da kawunnanku suka yanke a zaure bayan la'asar.

To su wa ke tauye zaɓin?

Gida, dangi, makaranta, majalisar ƙofar gida, sai hukuma. Ita hukuma ma da sauƙi, dokarta a rubuce take, kana iya kai ƙara. Amma "me mutane za su ce?" ba ta da ofis, ba ta da alƙali, kuma ta fi ɗan sanda saurin kama mutum.

Ni babu wanda ya sa min wuƙa a wuya.

Wa ya ce sai da wuƙa? Yaro hannunsa na kafinta ne, amma tun yana firamare ake kiransa "Dakta". Ranar cike fom ɗin JAMB da hannunsa zai zaɓi likitanci, ya rantse ra'ayinsa ne. An yi masa shuka tun bai san kansa ba, shi dai girbi ya yi.

Baba ya ba da ni ga wanda ba na so. Na yi shiru, aka ce na yarda. Yaya zan yi?

Kwantar da hankalinki, 'yata, amma ki buɗe baki. Hadisi ya ce a nemi izinin budurwa, shirunta kuwa yarda ne. Sai dai shirun kunya ake nufi, ba shirun tsoro ba, kuma yawancin gidaje ba sa son bambancewa. Wadda take kuka a ɗaki ba ta yarda ba. Buhari ya ruwaito cewa Khansa'u bint Khidam ta kai ƙarar mahaifinta da ya aurar da ita ba da sonta ba, Annabi (SAW) ya warware auren. To amma kada ki ruga da wannan, domin ita bazawara ce a lokacin, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunan Musulunci a Arewa ke bi, uba yana da ikon ijbari, wato aurarwa ba tare da izininta ba, a kan 'yarsa budurwa, matuƙar babu cutarwa. Wasu malamai sun ce ko budurwa ba a tilasta ta. Kin ga ke nan magana ta danganta ga wanda kika tarar a kan buzu.

Shawarata, wadda ba lallai ta dace da gidanku ba: kada ki fara da kotu. Fara da Gwaggo ko Kaka, wadda Baba yake jin nauyinta. In ta faskara, limamin unguwa. In kina Kano, Hisbah tana irin wannan sulhun. Ki faɗi "ba na so" a gaban shaidu, kuma kafin a karɓi sadaki, don bayan an raba goro kowa mutuncinsa yake karewa, ba ke ba. Zai yiwu a daina yi miki magana wata uku. Zai yiwu a ce wani ke hure miki kunne. Ban yi miki alkawarin nasara ba. Guduwa daga gida kuwa, ban ba ki shawara ba, sai in ana dukanki ko ranki na cikin haɗari.

Wato mu bijire wa iyaye ke nan?

Ka ji na faɗa? Haba, samari! Biyayya wajibi ce cikin abin da ba saɓo ba. Faɗin ra'ayi cikin ladabi kuma ba rashin tarbiyya ba ne.

Iyaye mugaye ne da suke haka?

A'a. Su ma haka aka yi musu. Uban da ke tilasta 'yarsa, sau da yawa tsoron wansa yake ji, wanda tuni ya riga ya amsa wa mutane.