Ƙalubalantar Umarnin Ɓoye Bayanai a Shari'ar Kora daga Aiki a Birtaniya

Umarnin ɓoye bayanai hukunci ne da kotun ma'aikata kan bayar domin hana bayyana wani ɓangare na shari'a, ko dai sunan mai ƙara, ko na shaida, ko abin da wata takarda ta ƙunsa. A Ingila da Wales da Scotland, inda sashe na 94 na Dokar Haƙƙin Ma'aikata ta 1996 ya ba ma'aikaci kariya daga kora ba bisa ƙa'ida ba, irin wannan umarni togaciya ce kawai daga ƙa'idar cewa shari'a a bainar jama'a ake yin ta, ƙa'idar da kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan Birtaniya (House of Lords) ta jaddada tun 1913 a shari'ar Scott da Scott, inda ta ce bai halatta a saurari ƙarar soke aure a asirce ba don kawai gudun kunya.

Ikon bayar da umarnin yana cikin ƙa'ida ta 50 ta dokokin gudanar da kotun ma'aikata na 2013, wadda ta koma ƙa'ida ta 49 a sababbin dokokin da suka fara aiki a Janairun 2025. Alƙali na iya sa a saurari ƙara ko wani sashe nata a keɓe, ko a sakaya suna da harafi kamar A ko B, ko a hana 'yan jarida ambaton wanda abin ya shafa. Dokar Kotunan Ma'aikata ta 1996 ta yi tanadi na musamman ga ƙararrakin da suka ƙunshi zargin cin zarafi ta hanyar lalata da kuma bayanan naƙasa, kuma saɓa wa hanin wallafawa laifi ne da ake cin tara a kansa. Sai dai ƙa'idar ta wajabta wa alƙali ya ba shari'ar fili da 'yancin faɗin albarkacin baki cikakken muhimmanci kafin ya yanke, yana auna su da haƙƙin sirrin rayuwa, kamar yadda sassa na 8 da na 10 na Yarjejeniyar Turai kan Haƙƙin Ɗan'adam suka tanada.

Ƙofar ƙalubalanta a buɗe take ga ɓangarorin biyu, da ma duk wani mai halastacciyar alaƙa da batun, wanda galibi gidan jarida ne, muddin ba a ba shi damar faɗin bakinsa ba kafin a yi umarnin. Zai rubuta wa kotun yana neman a soke, idan kuma bai gamsu ba sai ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙarar Ma'aikata cikin kwana 42, a kan kuskuren doka kaɗai. Nauyin kawo hujja yana kan mai son a ɓoye, kuma hujjar dole ta kasance ƙwaƙƙwara. Tsoron zubewar mutunci ko asarar abokan ciniki ba ya wadatarwa.

Hakan ya fito sarai a 2015, lokacin da BBC ta ƙalubalanci umarnin sakaya sunan wani tsohon ma'aikacinta har abada, wanda aka bayar saboda zarge-zargen da ba a tabbatar ba sun shigo cikin shari'ar. Mai shari'a Simler ta soke shi, bisa dalilin cewa ya kamata a amince jama'a za su iya rarrabe zargi da abin da kotu ta tabbatar. A 2022 kuma jaridar Guardian ta yi nasarar samun takardun wata shari'a da ta shafi wani banki, watanni bayan an kammala zama. Amma ba kullum ne ma'auni ke rinjaya wajen bayyanawa ba, domin a 2023, a ƙarar da ta shafi kamfanin sadarwa na Millicom, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta nuna cewa wajibi ne a duba tsaron lafiyar mutanen da ke wata ƙasa, ko da ba sa cikin shari'ar.

Abin da ya fi tsananta ga ƙaramin ma'aikaci shi ne rajistar hukunce-hukunce da aka ɗora a intanet tun Fabrairun 2017. Duk mai ɗaukar aiki da ya rubuta sunan mai nema a injin bincike yana iya cin karo da hukunci mai shafuka da yawa, da bayanin rashin lafiyarsa da duk abin da tsohon shugabansa ya faɗa a kansa. Shi ya sa sau da yawa ma'aikacin ne ke roƙon a sakaya shi, kamfani kuma yana adawa, kuma wannan damuwa ce ta gaske da doka ba ta cika saurara ba. A 2019, a ƙarar da wata ma'aikaciya ta shigar kan kamfanin PwC, kotun ɗaukaka ƙara ta ce kotun ma'aikata ba ta da ikon cire hukunci daga rajistar, iyakar abin da za ta iya shi ne sakaya suna idan an cika sharuɗɗa.

Wannan umarni dabam yake da yarjejeniyar rufe baki da ake sa wa hannu yayin sulhu, wadda kwantiragi ce tsakanin ɓangarori ba hukuncin alƙali ba. Ita ma tana da iyaka, don sashe na 43J na dokar 1996 ya rushe duk wani sharaɗi da zai hana ma'aikaci fallasa ɓarna ta hanyar da doka ta kare.