Fahimtar lacca a harshen Japananci

Fahimtar lacca a harshen Japananci fanni ne da ke nazarin yadda 'yan ƙasar Japan da baƙin ɗalibai ke gane jawabin malami a ajin jami'a ko a taron masana. Buƙatarsa ta ƙaru bayan 1983, lokacin da gwamnatin Firayim Ministan Japan, Nakasone, ta ƙudiri kai yawan ɗaliban ƙetare 100,000. A 2008 aka ɗaga burin zuwa 300,000.

Babbar wahalar tana cikin kalmomin ilimi. Akasarinsu tushensu Sinanci ne, da kanji, wato haruffan da Japan ta aro daga Sin, ake rubuta su. A takarda kowace da kamanninta, amma a baki da yawa sautinsu ɗaya. "Kagaku" kimiyya ce, kuma ita ce ilimin sinadarai, har wasu kan ce "bakegaku" da gangan idan sinadarai suke nufi. Ɗan ƙasa yana jin kalma yana zaɓo harafin da ya dace da zancen, ba tare da ya san ya yi ba. Ɗalibin da ya zo daga Sin kuwa ya san harafin sarai, furucinsa na Japan ne ke kuɓuce masa. Sau da yawa sai malami ya rubuta a allo sannan ɗalibin ya gane cewa ai tsohuwar kalmarsa ce.

Ga kuma ginin jimla. Aikatau a ƙarshe yake zuwa, korewa ma haka, saboda haka ba a tabbatar da ko malami amincewa yake ko musu sai ya dire, jimlar lacca kuwa doguwa ce. Ɗan ƙasa ba ya jira. Da ya ji "kesshite" ya san "a'a" na tafe, "tsumari" na nuna masa za a taƙaita, "sate" kuma za a sauya batu. Baƙo kan ɓata ƙarfinsa wajen kamo kowace kalma, har da "eeto" da "anoo", waɗanda cike gurbi ne kawai, kamar "am…" a bakin mai neman abin faɗa.

A 2004 cibiyar nazarin harshe ta ƙasa, NINJAL, da abokan aikinta suka fitar da taskar maganganun Japananci da aka naɗa, ta kusan sa'o'i 660, kaso mai tsoka daga cikinta jawaban tarukan masana ne. Jarrabawar shiga jami'a ta baƙi, EJU, wadda aka soma a 2002, tana da sashen da ɗalibi ke sauraro yana duban jadawali ko zane lokaci guda, domin haka ajin yake.