Filin da ka saya, na wa ne a idon doka?

A yawancin garuruwanmu a zaure ake ƙare cinikin fili. Dillali ya kawo mai saye, a je a taka fuloti, a nuna masa turakun da aka kafa a kusurwa huɗu. A dawo gaban mai unguwa a rubuta takarda, shaidu su sa hannu, a ba da la'ada, a shafa fatiha. Mutum ya naɗe takardarsa a leda ya sa a ƙasan akwati, hankalinsa kwance, ya mallaki ƙasa. To, a wurin dokar Najeriya ba ƙasar ya saya ba.

Dokar Amfani da Filaye ta fito ranar 29 ga Maris, 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo. Sashenta na farko ya ɗauki ƙasar kowace jiha ya damƙa wa gwamna, ya riƙe ta amana don amfanin 'yan Najeriya baki ɗaya. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama a wurin da cin moriyarsa. Takardar nan da ake kira C of O shaidar wannan haƙƙi ce, kuma galibi shekara 99 ake rubutawa a kanta. Mu a Arewa tsarin ba baƙo ba ne. Tun 1910 Turawa suka sa ƙasar Arewa a hannun gwamna, dokar filaye ta tsohuwar Jihar Arewa ta 1962 ta bi sawu, ta 1978 kuma ta shimfiɗa abin har Kudu.

Filin birni na ƙarƙashin gwamna kai tsaye, kuma shi ke ayyana inda birni ya tsaya. Na karkara ƙaramar hukuma ke bayarwa, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo; abin da ya haura haka sai gwamna ya yarda. Wanda kuwa ya riga ya gina gidansa a birni kafin 1978, sashe na 34 ya ɗauke shi tamkar wanda gwamna ya ba, ko babu takarda a hannunsa. Gidajen gado na cikin ganuwa nan suka fake.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 22. Mai riƙe da haƙƙin da gwamna ya bayar ba zai sayar ba, ba zai jinginar ba, ba zai miƙa wa wani ba, sai da amincewar gwamna. Sashe na 26 ya ƙara da cewa cinikin da ya saɓa wa dokar tamkar ba a yi shi ba ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta nuna ba wasa a zancen, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. An jinginar da gida a Legas an ci bashi, bashi ya ƙi biyuwa, banki ya tashi sayar da gida, sai mai gida ya ce ai ba a nemi amincewar gwamna ba. Kotu ta ce jinginar ba ta ƙullu ba, duk da cewa mallakarsa ta girmi dokar. Shi ya sa har gobe banki ba ya kallon takardar mai unguwa.

Yanzu duba unguwannin awon igiya da suka kewaye Kano. Gona ce jiya, birni ya cim mata, magada suka yanka ta fuloti-fuloti. Fili ɗaya sai ya bi hannu biyar, babu ko ɗaya da ya je ma'aikatar ƙasa. Ban ga laifinsu sosai ba. Neman amincewar gwamna kuɗi ne da zirga-zirga da jiran watanni, mai ƙaramin ƙarfi kuwa da kyar ya haɗa na bulo da kwano. Dokar da aka ce an yi don sauƙaƙa wa kowa samun fili ta bar talaka yana zaune a gidan guminsa da takardar da ba ta da nauyi ranar da rigima ta tashi.

Ranar kuwa takan zo da jan fenti a jikin bango. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mutum don buƙatar jama'a, kamar titi, asibiti ko makaranta, amma dole a ba mai wurin sanarwa a rubuce, kuma kotuna sun sha rushe sokewar da aka yi babu sanarwa. Diyya fa? Sashe na 29 yana biyan abin da ka ɗora a kan ƙasa ne: gini bayan an cire tsufansa, da amfanin gona. Ita ƙasar kanta, kuɗin hayar da ka biya gwamnati a shekarar kawai za a mayar maka. Wanda ya zuba miliyoyi ya sayi fili bai kai ga sa tubali ba, shi ne ya fi kowa shan kashi.

Gyaran dokar da wuya, don an cusa ta cikin kundin tsarin mulki, sashe na 315 na kundin 1999, ba a taɓa ta sai ta hanyar gyaran kundin. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya gwada a 2009. Ya kafa kwamitin gyaran harkar filaye ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, masanin da ya ƙarar da rayuwarsa kan nazarin birane, ya kuma aika wa majalisa ƙudurin gyara. Ƙudurin bai kai labari ba.

Kafin ka miƙa kuɗi, karɓi lambar fulotin ko kwafin takardar, ka je ma'aikatar ƙasa, ko hukumar adana bayanan filaye, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a duba maka sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da wurin, ko titi zai bi ta kansa. In an ƙulla ciniki, sa shi a rubuce cewa mai sayarwa zai sa hannu a takardar neman amincewar gwamna, kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin har sai ya sa.