Waiwaye: Filin tseren motocin Mellaha na Turabulus, daga Turawan Italiya zuwa filin jirgin Mitiga

A watan Satumban 1931 Turawan Italiya suka rataye Umar Mukhtar, jagoran 'yan Libiya masu yaƙar mulkin mallakarsu, a garin Suluq, dattijo mai shekara sama da 70, a gaban mutanensa da aka tattaro dole su kalla. Ko shekara biyu ba a cika ba, a watan Mayun 1933, sai ga su suna buɗe sabon filin tseren motoci a gabashin Turabulus, gefen wani tafkin gishiri da ake kira Mellaha. Ni dai duk lokacin da aka kawo zancen wannan fili ba na iya raba abubuwan nan biyu, domin an yi shi ne don a nuna wa duniya wai Libiya ta kwanta, alhali dubban mutane sun mutu a sansanonin da aka tsare su a gabashin ƙasar.

Tseren kansa ya girmi filin, tun 1925 ake yinsa a kan titunan Tajura, sai dai ba ya kawo kuɗi, ga shi a 1930 wani shahararren direba Gastone Brilli-Peri ya mutu wajen gwaji, sai aka dakata a 1931 da 1932. Abin da ya farfaɗo da shi caca ce. Aka riƙa sayar da tikiti a faɗin Italiya kan lira 12, a zaɓo wasu tikitoci a haɗa kowanne da direba ɗaya, duk wanda direbansa ya zo na ɗaya ya kwashi miliyoyi. To ai ka san inda kuɗi irin wannan ya shiga sai an yi ƙulle-ƙulle. Tun a 1933 ɗin manyan direbobi uku, Varzi da Nuvolari da Borzacchini, suka zauna da masu tikitinsu suka shirya cewa ko wa ya ci a cikinsu za a raba kuɗin, kuma Varzi ya ci da motar Bugatti, Nuvolari na bin sa da tazarar da ba ta kai sakan ɗaya ba. Maganar ta fasu, daga nan aka canza tsari, ba a haɗa tikiti da direba sai dab da tashi.

A wannan tseren ne wani Bature ɗan Ingila Tim Birkin ya ƙona hannunsa a jikin salansar motarsa da ta yi zafi lokacin da ya tsaya shan mai, ƙuna ce da kowa ya ɗauka ba komai ba, ya ma zo na uku, amma bayan 'yan makonni ya rasu a Landan.

Filin fa ba ƙarami ba ne, zagaye ɗaya ya ɗan haura kilomita 13, kwanoninsa kuma masu faɗi ne, shi ya sa motoci ke zuba gudun sama da kilomita 200 a awa, ga zafi ga yashi da iska ke watsowa kan kwalta, tayoyi kam sun sha wuya. Da Italo Balbo ya zama gwamnan Libiya a 1934 sai ya mayar da abin kamar bikin gidansa, liyafa da manyan baƙi daga Turai.

Inda abin ya yi wa masu gida ciwo shi ne zuwan Jamusawa. Daga 1935 Mercedes da Auto Union suka riƙe kambun, Hermann Lang shi kaɗai ya ci sau uku a jere, 1937 da 1938 da 1939. A 1938 ɗin direbobi biyu suka mutu, Eugenio Siena da László Hartmann, amma ba a fasa komai ba. Na 1939 kuwa shi ne har yau masu son harkar suke ba da labarinsa: 'yan Italiya sun gaji da shan kaye a gida sai suka ce ƙananan motoci masu injin lita 1.5 kawai za su shiga, don sun san Jamus ba ta da irinsu, ashe Mercedes ta samu labari, cikin kamar wata takwas ta ƙera sabuwar mota W165 a ɓoye, ta kawo guda biyu, suka zo na ɗaya da na biyu, kuma daga ranar motar ba ta sake shiga irin wannan gasa ba.

Tseren ƙarshe shi ne na Mayun 1940, Giuseppe Farina ya ci da Alfa Romeo. Wata na zagayowa Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a ƙarshen watan Yunin nan sojojin Italiya da kansu suka harbo jirgin Balbo a Tobruk. Shi ke nan, tsere ya ƙare.

Dama akwai sansanin jiragen soja a Mellaha, shi ne ya haɗiye wurin. Sojojin Ingila suka kama shi a 1943, Amurka ta karɓa ta sa masa suna Wheelus, ta zauna har Yunin 1970 lokacin da Gaddafi, wanda bai cika shekara da juyin mulki ba, ya sa suka tattara. Daga baya ya koma filin jirgin Mitiga, kuma tun da faɗan 2014 ya lalata babban filin jirgin Turabulus, Mitiga ne wanda birnin ya dogara da shi, shi ma ɗin an sha rufe shi saboda harbe-harbe. Yawancin jiragen da ke kwaso 'yan ci-ranin Najeriya da Nijar da suka maƙale a Turabulus zuwa gida daga nan suke tashi.