Sabar raba fayiloli tana cinye CPU: tambayoyi da amsoshi

Sabarmu ta yi nauyi, CPU ya kai 100%, in kashe ta in sake kunnawa ne?

Dakata tukuna dan Allah. In ka kashe ka kunna za ta ɗan saki, amma ka goge duk alamar da za ta nuna maka abin da ke faruwa, gobe ko jibi kuma abin ya dawo. Fara buɗe top ko htop in Linux ce, wato umarnin da ke jera shirye-shiryen da ke gudana, ka ga wane shiri ne a sama. Sannan duba layin CPU ɗin a top: us na nufin shirye-shirye ne ke aikin, sy kernel ne, wato zuciyar Linux ɗin, wa kuma jiran faifai ne. Wannan wa ɗin shi ke ruɗar mutane da yawa, load average, wato ma'aunin yawan ayyukan da ke kan layi, zai hau sama sosai ka ɗauka furosesa ce ta gaji alhali zaune take tana jiran faifai ya kawo bayanai. In wa ne babba to sayen sabon CPU asarar kuɗi ce, je ka duba iostat ka ga faifan da ke wahala, sannan ka bincika ko RAID, wato haɗakar faifai, na sake gina kansa ko wani faifan ya fara mutuwa.

Na ga smbd ne a sama, yanzu fa?

To kamar ka yi rabin aikin. Samba, manhajar da ke raba fayiloli a Linux, tana buɗe shirinta smbd daban ga kowace kwamfutar da ta haɗu da ita, saboda haka ɗauki PID ɗin wanda ke cin CPU, wato lambar shirin, ka buga smbstatus, zai nuna maka mai amfani da adireshin IP ɗin da ke da wannan PID. Ni a gani na wannan shi ne mataki mafi muhimmanci gaba ɗaya, domin sau da yawa ba sabar ce ke da laifi ba, kwamfuta ɗaya ce tak a cikin ofis take ta hantsile ta. Wani anti-bairus aka saita ya riƙa binciken har foldar da ke kan netwok, ko manhajar ajiye kwafi da ta maƙale tana zagaye wuri ɗaya. In kana so ka ga ainihin abin da smbd ɗin ke yi, strace -c -p da PID ɗin na daƙiƙa goma ya isa.

Me ya sa folda ɗaya ce kawai in an buɗe ta komai yake tsayawa?

Duba yawan fayilolin cikinta. Windows ba ta bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, Linux kuma tana bambantawa, to idan aka nemi sunan da babu shi daidai yadda aka rubuta, dole Samba ta bi sunayen foldar ɗaya bayan ɗaya don ta tabbatar babu shi da wani salon rubutun. Folda mai fayil dubu ɗari, kuma ana ta ƙirƙirar sababbi a ciki, kowane sabon fayil sai an yi wannan zagayen. Magani mafi sauƙi a rarraba su ƙananan foldoji. Akwai kuma case sensitive = yes a smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, wanda ke hana wannan zagayen, amma a yi shi kan wannan foldar da aka raba kaɗai, kuma sai an daidaita sunayen fayilolin su zama salo ɗaya, in ba haka ba wasu za su daina buɗuwa.

Ɓoye bayanai (encryption) yana ƙara nauyi?

Yana ƙarawa. SMB shi ne tsarin da kwamfutoci ke bi wajen raba fayiloli, SMB 3.0 ya zo da salon ɓoyewa na AES-CCM, 3.1.1 kuma na Windows 10 da Server 2016 ya ƙara AES-GCM wanda ya fi sauri. Buga grep aes /proc/cpuinfo, in babu komai to furosesar ba ta da AES-NI, fasahar da ke hanzarta aikin ɓoyewa, shi ya sa take wahala. Amma kar wannan ya sa ka koma SMB1, ta nan bairus ɗin WannaCry ya bi ya yi ɓarna a watan Mayun 2017.

Log level fa?

Shi ne saitin yawan bayanan da Samba ke rubutawa kan aikinta, ana yawan ɗaga shi zuwa 10 lokacin neman matsala a manta. Mayar da shi 0 ko 1.

Tawa Windows Server ce.

Tunanin ɗaya ne. Aikin SMB yana bayyana ƙarƙashin System a Task Manager, sai ka buga Get-SmbSession da Get-SmbOpenFile a PowerShell ka ga wa ke ciki da abin da ya buɗe. In MsMpEng.exe ne a sama to Defender, anti-bairus ɗin Windows, ne ke bincike.

In kuma wani suna ne da ban taɓa gani ba?

Wannan kam kar ka yi wasa da shi, musamman in daga /tmp yake gudana kuma yana cin CPU dare da rana ko ba kowa a kan sabar, yawanci manhajar haƙar kirifto ce aka dasa. Cire sabar daga netwok, duba cron, mai tayar da shirye-shirye a kan lokaci, canza kalmomin sirri, sannan ka tabbatar ƙofa (port) ta 445, wadda SMB ke bi, ba a buɗe take ga intanet ba.